Me Ya Rage a Lissafi? Faɗakarwa ga Mai Neman Digirin Digirgir da Iyayensa

Ranar da ƙanena ya gaya wa mahaifinmu yana son ya koma makaranta ya yi digirin digirgir a fannin lissafi, muna zaune ne a zaure bayan sallar la'asar. Baba ya ajiye carbinsa a kan buzu, ya dube shi, ya ce, "Yanzu duk lissafin da ka yi tun daga firamare har digiri biyu bai ishe ka ba? Me ya rage a cikinsa? Ai biyu da biyu huɗu ne tun kafin a haifi kakanninmu." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, akwai saura da yawa." Daga nan bai iya ƙara ko kalma ɗaya ba.

Tambayar Baba ba ta raini ba ce, kuma ba shi kaɗai yake yin ta ba. A gidajenmu, idan yaro ya nuna kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi, ana tura shi ne ya karanci likitanci ko injiniyanci ko akanta. Ɗalibai da yawa da ke sashen lissafi a jami'o'inmu za ka ji suna cewa "jefa ni aka yi", wato ba shi suka nema ba, makin da suka ci ne bai kai na kwas ɗin da suke so ba. Wanda kuwa ya zaɓe shi da kansa, har ya ce zai bi shi zuwa digiri na uku, sai a riƙa yi masa kallon wanda ya rasa abin yi. Wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma amsar tana kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Duk wanda ya tashi kusa da makarantar allo ya taɓa ganin hatimi mai gida tara. A layin sama ana rubuta 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Ka tara kowane layi a kwance, 15 za ka samu. Ka tara a tsaye, 15. Ka bi ta kusurwa zuwa kusurwa, nan ma 15. Mafi yawan mutane a nan suke tsayawa, su yi mamaki su wuce. Mai lissafi kuwa a nan aikinsa yake farawa. Me ya sa 15? Saboda idan ka tara lambobi daga 1 zuwa 9 za ka sami 45, kuma layuka uku ne za su raba su daidai wa daida. To me ya sa 5 ce a tsakiya, ba za a iya sa wata ba? Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, biyu ta kusurwa. Jimlarsu 60. Waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Ke nan rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ta fito ne daga ƙirga lambar tsakiya ƙarin sau uku. Lambar da za a ninka sau uku ta ba da 15 kuwa 5 ce, babu wata.

Abin da muka yi yanzu shi ake kira hujja a lissafi. Ba gwaji muka yi ta yi har muka gaji ba. Mun nuna dalilin da ya sa abin ba zai taɓa zama wani iri ba, a Kano ko a Sin, yau ko bayan shekara dubu.

Yanzu a ƙara girman hatimin. Mai gida tara iri ɗaya ne tak, in an cire juyawa da kifewa. Mai gida 16 iri 880 ne, an san wannan tun 1693. Mai gida 25 iri 275,305,224 ne, kuma sai a 1973 aka ƙirga shi da kwamfuta. Har yau babu wanda ya gano ƙa'idar da za ta faɗi adadin hatimai na kowane girma. Wannan fage kuwa namu ya taka rawa a cikinsa: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina hatimai masu layuka wuturi, kamar uku da biyar da bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambaton sunansa har gobe.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1742, wani Bajamushe mai suna Goldbach ya aika wa babban masani Euler wasiƙa, daga cikinta aka samo wata magana mai sauƙin faɗa: kowace lamba shafa'i da ta wuce 2 za a iya samunta ta hanyar tara lambobi biyu marasa rabuwa, wato irin lambobin da ba abin da ke raba su sai kansu ko 1, kamar 3 da 5 da 7 da 11. Takwas ita ce 3 da 5. Ashirin ita ce 7 da 13. Ɗari ita ce 3 da 97. An sa kwamfuta ta gwada lambobi har zuwa 4 mai sifili 18 a bayanta, ba a sami wadda ta saɓa ba. Amma har yanzu babu hujja, don haka masu lissafi ba su yarda an gama da ita ba. Yaron firamare zai fahimci tambayar. Kusan shekara 300 ke nan ba a amsa ta ba. Irin waɗannan tambayoyi dubbai ne, kuma kowace amsa da aka samu tana haifar da sababbi. Wannan shi ne saurar da ƙanena ya kasa yi wa Baba bayani.

Daga nan ne za a gane bambancin digirin digirgir da sauran karatu. A digiri na farko ana koya maka abin da aka riga aka sani, a yi maka jarrabawa a kansa, amsar tana cikin aljihun malami. A digiri na biyu ana kai ka bakin iyakar wani yanki na ilimi, ka leƙa. A digiri na uku kuwa ana ba ka tambayar da shi kansa malaminka bai san amsarta ba, a ce ka nemo. Ba za a ba ka shaidar kammalawa ba sai ka kawo wani abu sabo, komai ƙanƙantarsa, wanda ba kowa ya taɓa tabbatarwa kafin kai, masana kuma suka bincika suka ga babu ɓaraka.

Abin da ya fi wahalar da ɗalibai shi ne cijewa. Yaron da ya saba zama zakaran aji, wanda ba a taɓa ba shi lissafin da ya kwana bai warware ba, sai ya wayi gari ya yi wata huɗu a kan layi ɗaya. Ya cika littafi da rubutu, ya yage, ya sake. Wani dare ya ga kamar ya samu, ya kwana da murna, da asuba ya gano kuskure a shafi na biyu. Da yawa a nan suke yanke wa kansu hukunci cewa ba su da basira, alhali haka aikin yake ga kowa. Andrew Wiles na Ingila ya yi shekara bakwai yana fama da matsalar Fermat, wadda ta gagari masana sama da shekara 350. Ya sanar da nasara a 1993, sai aka gano giɓi a hujjar. Ya sake shan fiye da shekara guda, tare da tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, kafin ya toshe shi a 1994. Wanda zai shiga wannan hanya ya san cewa naci da haƙuri sun fi saurin ganewa amfani a cikinta.

Wani zai ce to mene ne amfanin wannan duka ga mai fama da abin sawa a baki? Amfaninsa yana ɗakin kwananmu. Ronald Ross, likitan da ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya koma ga lissafi ya nuna cewa ba sai an kashe kowane sauro ba kafin cutar ta ja baya. Ya isa a rage yawansu ƙasa da wani mizani, daga nan cutar ba za ta iya riƙe kanta ba. A kan wannan tunani aka gina yaƙi da cutar har yau, kuma Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Haka ƙyanda: mai ita ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a inda ba a yi rigakafi ba. Idan muka ɗauki 15, sai an kare 14 daga cikinsu kafin yaɗuwar ta tsaya, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke neman a yi wa kashi 95 cikin ɗari na yara allura. Ba son rai ba ne, lissafi ne. Kuɗin da ɗan kasuwa ke turawa ta waya daga Kantin Kwari zuwa Legas, makullin da ke tsare su an ƙera shi ne da ilimin lambobi, irin wanda a da ake ce wa wasan masana marar amfani. Hasashen damina, tsarin fansho, inshora, da ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a kanta yanzu, duk lissafi ne a ƙarƙashinsu. Malamanmu na gado ma sun san haka: littafin al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunan littafin aka samo kalmar aljabara, kaso mai yawa na cikinsa a kan rabon gado da wasiyya yake.

Kuma hanya ce da wasu suka riga suka share. Ɗan Nijeriya na farko da ya sami digirin digirgir a lissafi, Chike Obi, a Zariya aka haife shi a 1921, ya kammala a 1950. Farfesa Iya Abubakar, mutumin Belel a Adamawa, ya bi ta Kwalejin Barewa da Ibadan ya yi nasa a Kambirij, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Farfesa Abba Gumel ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Brunel ta Ingila a 1994, yau kuma yana cikin waɗanda duniya ke saurare a lissafin yaɗuwar cututtuka, yana koyarwa a Jami'ar Maryland ta Amurka. Ba daga wata duniya suka fito ba.

Yanzu ga kai da ka yi niyya. Shawarar da ta fi kowace nauyi a wannan tafiya ita ce zaɓen malamin da zai duba aikinka, wanda ɗalibai ke kira sufabaiza. Ya fi sunan jami'a muhimmanci, ya fi kyan gine-ginenta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A karatun zaure ba a tambayar almajiri a wane gini ya yi karatu, ana tambayarsa a gaban wa ya durƙusa, wa ya ba shi ijaza, shi kuma wancan wa ya ba shi. Masu lissafi suna da irin wannan salsala, har akwai rumbu a intanet da ke ɗauke da sunayen sama da mutum 250,000, kowa da malaminsa da ɗalibansa, ana bin sarƙar har ɗaruruwan shekaru baya. Digirin digirgir ijaza ce, kuma darajar ijaza tana ga wanda ya bayar.

Don haka kafin ka sayi fom, ka binciki mutumin. Yana rubuta muƙalu a 'yan shekarun nan, ko rabonsa da bincike tun da ya zama farfesa? A waɗanne mujallu yake bugawa? Ɗalibai nawa ne a hannunsa yanzu? Malamin da ke riƙe da ɗalibai goma sha biyar, ga shugabancin sashe, ga koyarwa a jami'o'i biyu, ko yana son ka ba shi da lokacinka. Sannan ka nemi tsofaffin ɗalibansa ka zauna da su. Ka tambaye su shekara nawa suka yi, da kwana nawa babi yake yi a teburinsa kafin ya dawo, da ko yana karanta hujja layi bayan layi ko waƙafi da aya kawai yake gyarawa. Malami nagari yakan san tambayar da ta dace da ƙarfin ɗalibi, wadda ba ta yi sauƙin da za a raina ta ba, ba ta kuma yi tsaurin da za ta cinye masa shekara goma ba. Wannan gwaninta ita kake nema a wurinsa. Na ga haziƙin ɗalibi da aka ba matsalar da ta fi ƙarfin malamin da ya ba shi ita, ya yi shekara shida yana zagaye, daga ƙarshe ya tattara ya koma kasuwa. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, jagora ya rasa.

A jami'o'in Nijeriya ƙa'ida ita ce aƙalla shekara uku ga mai karatu cikakken lokaci, bayan digiri na biyu mai sakamako mai kyau. Ɗalibi zai gabatar da ƙudurin bincikensa a gaban sashe, ya riƙa gabatar da ci gaban aikin lokaci zuwa lokaci, ya kare kundin a cikin gida, sannan a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi baki da baki. A Nijar tsarin shekara uku ne na digirin farko, biyu na biyu, uku na uku, kamar yadda ake yi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wannan a takarda ke nan. A aikace, shekara ukun takan zama biyar ko bakwai. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Yawancin masu wannan karatu kuma ƙananan malamai ne a jami'a ko kwalejin ilimi, kuma su ake ɗora wa manyan azuzuwan 'yan shekarar farko.

Na taɓa shiga ofishin wani irinsu da dare. Babu wuta, ya jingina fitilar wayarsa a jikin kofin shayi. A hagunsa tulin takardun jarrabawar ɗalibai sama da ɗari huɗu ne, an ɗaure su da igiya, ana jiran sakamako ranar Litinin. A damansa muƙala ce mai shafi talatin da ya buga a shagon kwamfuta, gefenta duk ya yi baƙi da rubutun fensir. Ya ce mini, "Yaya, rabona da in zauna awa uku a jere a kan aikina tun kafin azumi." Lissafi kuwa ba ya son gutsuttsarin lokaci. Yana son mutum ya nutse. Duk wanda zai yi wannan karatu a gida, ya yi yarjejeniya da shugaban sashensa tun ran gini, a rage masa kaya, ya kuma keɓe wa kansa sa'o'in da ba ya taɓawa, ko da daga asuba zuwa hantsi ne.

Matsin nan ne ke jefa mutane cikin ramin da nake son in ja kunne a kansa da babbar murya. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta buga muƙala kafin a kare kundi. Sai ga saƙo ya shigo ta imel daga wata mujalla mai dogon suna, tana alkawarin buga aikinka cikin mako guda idan ka biya daloli. Mujallar lissafi ta gaskiya takan miƙa muƙala ga masana su tantance, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma da yawa daga cikin nagartattun ba sa karɓar ko kwabo daga marubuci. Wadda ta karɓi aikinka cikin kwana biyar ba ta karanta shi ba. Ka duba ko sunanta yana cikin rumbun MathSciNet ko zbMATH, na biyun kyauta ne ga kowa tun 2021. Sunanka a mujallar bogi tabo ne da zai bi ka duk inda masana suke. Haka masu ba da kwangilar rubuta kundi, da masu ɗauko aikin wani su canza haruffa. Wanda ya yi haka ya sami takarda, amma gobe shi za a ba ɗalibai ya duba, ya haifar da irinsa goma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga abin da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa ya fi rashin kuɗi cutar da su: a wurare da dama na duniya, mai digirin digirgir a lissafi ba ya biya, shi ake biya. A Amurka yawancin jami'o'i suna yafe kuɗin makaranta su kuma ba ɗalibi albashin wata saboda yana taimakawa wajen koyar da ƙananan azuzuwa. Shekara biyar zuwa shida ake yi, biyun farko na darussa da jarrabawar cancanta, kuma ana iya shiga da digirin farko mai ƙarfi. Akan rufe karɓar takardu a Disamba ko Janairu, sai dai sha'anin biza ya yi tsauri, dole a bincika halin da ake ciki kafin a kashe kuɗin nema. A Faransa shekara uku ce bisa kwantiragi mai albashi, akwai kuma tsarin da ɗalibi ke da malamai biyu, ɗaya a gida ɗaya a can. Jamus tana da tallafin DAAD, Ingila tana da na ƙasashen Kwamanwel.

Akwai kuma gadoji da aka gina musamman domin irinmu. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu a kimiyyar lissafi kyauta, har da masauki da abinci, malamai kuma daga manyan jami'o'in duniya suke zuwa. Cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya ga matasan ƙasashe masu tasowa, da nufin shirya su shiga digiri na uku, kuma ita ke ɗaukar nauyinsu. Ƙungiyar masu lissafi ta duniya, IMU, tana tallafa wa ɗaliban da ke digirin digirgir a ƙasashe masu tasowa. A kusa da mu akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda kusa da Kwali, da cibiyar lissafi da kimiyyar fiziks ta Dangbo a Jamhuriyar Benin. Malaman manyan makarantun gwamnati a Nijeriya kuma suna da ƙofar TETFund. Yawancin waɗannan a intanet ake neman su, kuma babu wanda ke buƙatar ɗan tsakiya. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ka rabu da shi.

Shirin ba ya farawa bayan bautar ƙasa, tun daga aji biyu na jami'a yake farawa. Darussan da ɗalibai ke gudu saboda babu lambobi a cikinsu sai hujja, irin su analisis da aljabara da tofoloji, su ne waɗanda masu ɗaukar ɗalibai ke fara dubawa a takardar sakamako. Haddace hujja domin jarrabawa ba ya kai mutum ko'ina. Ka rufe littafi ka sake gina ta da kanka, ka tambayi kanka a ina za ta rushe idan an cire sharaɗi ɗaya. Ka gyara Turancinka ko Faransancinka, domin kundi rubutu ne, kuma hujjar da ba a fahimta ba kamar babu ita ce. Ka koyi LaTeX, manhajar da masu lissafi ke rubutu da ita, ka koyi ɗan shirya manhaja da Python. Ka saba da shiga arXiv, rumbun da masana ke ajiye sababbin muƙalunsu kyauta tun 1991. Ka kuma bari malamai biyu ko uku su san ka da aiki, domin wasiƙar shaidar da ta ce "ya warware abu kaza a gabana" ta fi wadda ta ce "yaro ne mai ladabi" sau goma. Idan za ka rubuta wa wani farfesa, ka karanta aikinsa tukuna, ka faɗi abin da ya ja hankalinka a ciki, a taƙaice. Wasiƙa ɗaya da aka tura wa mutum hamsin ba ta samun amsa.

Maganar 'ya'ya mata tana buƙatar a tsaya a kanta. 'Yar Nijeriya ta farko da ta sami digirin digirgir, Grace Alele-Williams, a fannin koyar da lissafi ta yi shi, a Jami'ar Shikago a 1963, ita ce kuma mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar, ta Benin, a 1985. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, mafi girman lambar yabo a lissafi, a 2014. A makarantun 'yan matanmu akwai masu irin wannan kai, malamansu sun san su da suna. Abin da ke tsayar da su ba wuyar karatun ba ne, rashin mai tsaya musu ne. Lissafi ba ya buƙatar kwana a ɗakin gwaji, takarda da alƙalami da kwamfuta da natsuwa yake so. Mijin da ya ɗauke wa matarsa hidimar yara na awa uku a rana, ko uwar da ta karɓi jika domin 'yarta ta je taron masana, da su aka rubuta kundin.

Ba kowa ya kamata ya shiga ba, wannan ma gaskiya ce. Wanda burinsa a kira shi Dakta a wurin ɗaurin aure zai sha wuyar da ba ta kai ladanta ba. Wanda ke neman kuɗi da sauri ya san albashin malamin jami'a a ƙasashenmu bai taka kara ya karya ba, kuma shekarun da zai yi yana bincike abokansa suna gina gidaje. Ƙofofin aiki suna nan, a jami'a da Babban Banki da Hukumar Ƙididdiga da kamfanonin sadarwa da na inshora da hukumomin lafiya, musamman ga wanda ya haɗa lissafi da ƙididdiga da kwamfuta. Amma abin da ke riƙe mutum a wata na huɗu na cijewa ba albashin gobe ba ne. Son sanin dalili ne, irin wanda ke hana shi barci sai ya gano me ya sa 5 take tsakiyar hatimi.

Ƙanena ya samu gurbi, yana shekararsa ta biyu. Baba ne da kansa ya sayar da buhunan masara ya saya masa kwamfuta, bayan wani dare da yaron ya zana masa hatimin nan a ƙasa da tsinke, ya bi da shi layi bayan layi har ya ga inda 60 ta haɗu da 45.

Kirana ga masu hali da gwamnatocin jihohi da masu kula da zakka da waƙafi shi ne su waiwayi sassan lissafi na jami'o'inmu. Ɗalibin wannan fanni ba ya buƙatar injina na miliyoyi. Kwamfuta ɗaya, da wutar sola a ɗakin karatu, da kuɗin intanet, da abin da zai ci na shekara uku ba tare da ya yi koyarwa a makarantu uku ba, sun ishe shi. Ku je ku tambayi shugaban sashen lissafi na jami'ar da ta fi kusa da ku sunan ɗalibin da ya fi kowa a bana, ku kira shi ko ita, ku ji abin da ya hana shi ci gaba.